Likkafanin Yero

Dutsin-Ma,
19 ga Satumba, 2021

Zuwa ga Gwaggo Ma'u,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya ƙarin haƙuri? Allah ya ji ƙan Malam Jibril, ke kuma ya ba ki ikon gama takaba lafiya. Ya gwiwar? Ina fata kina shafa maganin, ba ajiye shi kika yi a taga kina harararsa ba. Babana yana gaishe ki. Ya ce duk da a kakanni kuka haɗu, shi ba shi da 'yar'uwar da ta fi ki.

Gwaggo, tunda aka katse layin waya a yankinmu, wayata ta koma fitila. Kurfi da ke nan kusa, yau sai na rubuta takarda na ba Rabi'u direba, ina roƙonsa kada ya naɗe ƙosai da ita.

Gidan tsofaffi yana nan yadda kika bar mini shi. Alhaji Tukur, tunda ya ba da gidan wakafi, bai fasa aiko da gero da wake ba. Ranar da kika tafi na ɗauka abin da na karanta a makaranta ya ishe ni riƙe wurin. Na iya raba wa ma'aikata lokutan aiki, na iya kulle kabad ɗin magani. Amma ba malamin da ya koya mini abin da ake yi idan tsoho ya kafe ki da ido ya ƙi buɗe baki.

Ga abin da ya sa na rubuto. Kuɗin cizo ya mamaye ɗakin mata, ya fara tsallakawa na maza. Jikin tsofaffin duk ya yi rudu-rudu, masu ƙarfin hannu sun sosa har jini. Kuma masu duba irin gidajen nan sun aiko cewa suna tafe ƙarshen wata. In suka tarar da mu haka, ina tsoron su ce a rufe, kuma kin san mutanen nan ba su da inda za su koma. Me zan yi?

Na biyu, Baba Sabitu, dogon nan da aka tsinto a tasha ba wanda ya san danginsa, jikinsa ya yi nauyi. Ba ya iya juyawa da kansa, kuma kunu yana sarƙe shi.

Inna Kubra kuwa, wadda aka kawo lokacin da mutanen ƙauyensu na bayan Tamawa suka watse, tana lafiya, tana cin abinci fiye da ni. Sunana dai har yau ba ta riƙe ba. Kullum la'asar sai ta ɗauki ƙunshin nan nata na tsohon zane, ta zauna gindin darbejiya tana fuskantar ƙofar gida, ta zura hannu a ciki tana shafawa tana magana ƙasa-ƙasa, har a kira magariba. Sakinatu mai kula da ɗakin mata ta rantse a cikin ƙunshin nan kuɗin cizon ya kafa gari.

Ki ba Rabi'u amsa, don Allah.

'Yarki,
Surayya

Kurfi,
21 ga Satumba

Ɗiyata Surayya,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso ba ɗigon mai a jikinta, sai ki daina zargin Rabi'u. Haƙuri mun gode Allah. Gwiwa tana nan tana mulkinta. Ki gaida babanki, ki ce na ji daɗin baki, saura ya aiko da man shanun da ya yi alkawari.

Ki saurara da kyau. Shekarun da na yi ina aikin jinya, ban ga kuɗin cizon da ya ji lallashi ba. Ki zaɓi ranar da rana ta buɗe. A fitar da tsofaffin inuwa, a fitar da katifu rana, a tafasa ruwa a kwarara a gaɓoɓin gadaje da tsagar bango. Duk abin da aka saƙa da zare a ɗakunan nan, zanen gado ne, riga ce, ɗankwali ne, tsumma ne, a zuba shi a ruwan zafi a wanke a shanya. Kada ki yarda kowa ya fesa fiya-fiya inda tsoho ke kwana, ƙirjinsu ba zai ɗauka ba. Za su yi kuka, za su zage ki, wata ma ta ce za ta tsine miki. Ki toshe kunne. Ƙyalle ɗaya in kika bari saboda tausayi, aikin ya tashi a banza.

Baba Sabitu kuma a riƙa juya shi a kai a kai, kada a bar shi a gefe ɗaya daga salla zuwa salla. Ki duba dugadugansa da ƙugu da kafaɗu da idonki, ba a ba ki labari ba. Inda kika ga fata ta sauya launi ko ta yi zafi, gyambon kwanciya ne ke sallama, a ɗauke nauyi daga wurin. Kununsa a dama da kauri, a zaunar da shi tukuna, cokali kaɗan-kaɗan. In kuma kika ga alamar tafiya ce, ki kira Liman da wuri, kada ya cika ba kowa a kansa. Likkafanan sadaka suna sito, a kan kanta ta sama.

Ki yi mini uzuri in rubutuna ya karkace. Kaina ba ya tare da ni. Jiya na cika buta na ajiye wa Malam a bakin ƙofa kamar kullum, ina zaune ina jiran in ji ya ɗauka. Sai da rana ta faɗi na tashi na zubar da ruwan.

Allah ya yi miki albarka.

Gwaggonki,
Ma'u

Dutsin-Ma,
29 ga Satumba

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ya haƙuri, ya jiki? Zancen butar nan ya tsaya mini a rai. Ki riƙa barin wani ya zauna kusa da ke da yamma.

Na yi yadda kika ce, ban bar ko tsumma ba. Na sha zagi kuwa har na ƙoshi. Inna Kubra ce kaɗai ta gagara, ta rungume ƙunshinta ta ce sai dai a kashe ta. Na tuna kin ce in toshe kunne, sai na jira ta yi barcin azahar na zare shi daga ƙarƙashin kanta, na miƙa wa masu wanki ko buɗewa ban yi ba. Kafin la'asar zanen ya bushe, aka mayar mata da tasbaharta da matajinta da 'yan tsummokaranta a ciki. Fararen yadi kuma duk aka linke aka kai sito. Masu duba sun zo sun yaba, har suka ce a turo wasu su koyi tsafta a wurinmu.

Sai dai mun yi rashi. Baba Sabitu ya cika ranar Lahadi da hantsi, Liman na kansa. Ba gyambo ko ɗaya a jikinsa, wannan ya ɗan sanyaya mini rai. Na shiga sito na ɗauko likkafanin da ke sama. Liman ya yaba yadin, ya ce an riga an yanka shi yankan namiji har da ƙyallen rawani, kuma duk tsawon Baba ya ishe shi kamar an gwada. Mutum kaɗan ne suka raka shi, mai gadi da yaran shagon Alhaji Tukur. Ba wanda ya yi kuka, Gwaggo. Ko ni ban yi ba, ina can ina neman wanda zai wanke katifa.

Damuwata yanzu Inna Kubra ce. Ranar wankin, da la'asar ta zauna gindin darbejiya ta zura hannu a ƙunshin, sai ta ƙwalla wata ƙara da ban taɓa jin irinta a bakin ɗan Adam ba. Tana cewa, "Kun tuɓe shi! Wa ya tuɓe mani yaro?" Na nuna mata tasbaha, na nuna mata mataji, ta watsar. Na tambaye ta me ya ɓace, sai dai ta ce, "Kayan Yero."

Tun ranar ta rufe baki. Sai ɗan ruwa, wani lokaci cokali ɗaya na kunu in Sakinatu ta yi ta magiya. Da la'asar kuma ba ta zama gindin bishiya, bakin ƙofa take zuwa ta riƙe ƙarfen tana leƙen hanya. Jiya ta kamo hannuna ta ce, "Ga shi can tsaye. Shina jin kunya shi shigo, ba komi a jikinai." Na duba, ba kowa sai awaki.

Ma'aikata sun ce a kulle ta a ɗaki da la'asar, ko a ɗaure ƙafarta da zane a gado kamar yadda ake yi a gida. Na hana, don kin sha gaya mini ba a ɗaure mutum a gidan nan. Amma raina ya fara ɓaci da ita. Na mayar mata da kayanta, me kuma take so? Kuma wane ne Yero?

'Yarki,
Surayya

Kurfi,
22 ga Satumba

Surayya,

Sallama a gurguje. Na ba Rabi'u takarda jiya, yau ina ninke rigunan Malam abin ya faɗo mini. Na ce miki kada ki bar ƙyalle ɗaya. To ban da ƙunshin Inna Kubra. Kada kowa ya taɓa shi.

Likkafani ne a ciki, kuma ba nata ba ne. Na ɗanta ne Yero, shi kaɗai Allah ya bar mata. Falken shanu ne, dogon mutum. Shekarar da ya sauke farali ya sayo yadin a Makka, ya wanke shi da zamzam, ya sa aka yanka daidai tsawonsa, ya ba uwar ajiya. Bayan nan 'yan bindiga suka kwashe su a hanyar gona. Waɗanda suka kuɓuto sun ce ya rasu a daji, an bar shi inda ya faɗi. Ba gawa, ba salla, ba kabari. Da gari ya watse, ba ta ɗauki ko tukunya ba sai wannan ƙunshin. Ta manta sunan ƙauyensu, ta manta ko ta yi salla, amma ba ta manta an ba ta ajiya ba.

In kina tsoron kuɗin cizo a ciki, ga yadda nake yi. Ki zauna da ita a rana, ki ce, "Inna, mu shanya kayan Yero kada su yi ɗanshi." Ita za ta kwance da hannunta, ku shimfiɗa tare, tana riƙe da gefe ɗaya har ku gama. Za ki gane shi da wani ɗan tambari shuɗi mai rubutun Larabci a kusurwa.

Na so in gaya miki wannan tun ranar da zan taho, rasuwar Malam ta ɗauke mini hankali.

Ma'u

Dutsin-Ma,
4 ga Oktoba

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya. Ni ba na lafiya.

Takardarki ta gargaɗi sai shekaranjiya ta iso. Motar Rabi'u ta lalace a hanya, ya bar ta wurin bakanike da takardar a cikin aljihun gaba. Ya kawo mini yana ba da haƙuri, bai san abin da ya riƙe ba.

Ina karantawa na gane abin da na yi. Na san tambarin nan, Gwaggo. Na gan shi da idona lokacin da nake miƙa wa Liman yadin, har na ce a raina wanda ya yi wannan sadaka ya sayi mai kyau. Duk da haka na shiga sito na zazzage kanta, na warware kowane farin yadi, ko Allah zai sa akwai mai tambari na biyu. Babu. Masu wanki sun ga fari, sun ɗora shi kan farare. Likkafanin Yero yana maƙabarta, a jikin Baba Sabitu.

Na ruga wurin Alhaji Tukur. Ya sa aka buɗe shago aka yanko yadi mafi kyau, tela ya yanka yankan dogon namiji, Hajiyarsa ta ba da ragowar zamzam ɗinta muka yayyafa. Na faki ido na sa a ƙunshin. Da la'asar na kai mata na ce, "Inna, ga kayan Yero an gano." Fuskarta ta yi haske, har na fara hamdala. Ta zura hannu, ko kallo ba ta yi ba. Ta ɗan murza, sai ta zare hannun kamar ta taɓa wuta. Ta ce, "Wanga ba shi ba ne. Wanga bai san hannuna ba." Ta dube ni ta ce, "Ke ma da su kike." Tun daga nan ko ruwa ba ta karɓa a hannuna.

Harshenta ya bushe, fitsarinta ya yi ja, in na ɗan ja fatar hannunta sai ta tsaya a tsaye. Likita ya zo ya sa mata ƙarin ruwa, ta fizge allurar. Ya ce abin da ya rage a zura mata roba ta hanci a riƙa ba ta abinci, amma sai an ɗaure hannuwanta, kuma sai wani nata ya sa hannu. Ba ta da kowa. Ya ce to shugabar gida ta sa, wato ni.

Duk rashin ƙarfin nan, la'asar na yi sai ta ja jiki zuwa ƙofa. Sakinatu ta daina bin wajen da yamma, ta bayan kicin take zagayawa. Ta ce ranar Juma'a ta ga inuwar dogon mutum a jikin katanga. Na yi mata faɗa, na ce inuwar turken lantarki ce. Ni ban ga komai ba. Amma ni ma na juya kujerar ofis, ba na son fuskantar tagar da ke kallon ƙofa.

In sa hannu a ɗaure ta, ko in zuba ido ta mutu da yunwa? Ki gaya mini.

Surayya

Dutsin-Ma,
8 ga Oktoba

Gwaggo,

Sallama. Sau biyu Rabi'u yana dawowa daga Kurfi ba amsa. Na sake karanta takardarki, inda kika ce kada kowa ya taɓa shi, na san fushi kike yi. Kina da gaskiya. Kin ba ni amanar mutane, na zare wa tsohuwa ɗanta daga ƙarƙashin kai tana barci. Ki zage ni in kina so, amma ki yi magana. Yau ɗaukarta aka yi zuwa ƙofar, don ta kasa tafiya kuma ta ƙi yin shiru. Likita zai dawo Litinin da robar.

Surayya

Kurfi,
9 ga Oktoba

Ɗiyata,

Wa alaikumus salam. Wane irin fushi? Zazzaɓi ne ya kayar da ni, ban san inda kaina yake ba, mutanen gida kuma suka ɓoye takardunki wai kada hankalina ya tashi. Yau na karɓe su, na kuma wanke su tas. Da sauƙi yanzu. Ke umarnina kika bi, ni na ba da shi da rabin hankali. Mu bar rabon laifi sai ta ci abinci.

Na so in yafa mayafi in taho, ko sauka daga gado ban iya ba. Na so in aiko da nawa likkafanin, shi ma na Makka ne, sai na tuna yankan mace ne, kuma hannun da ya shekara yana shafa abu ba a yi masa musanya. Kada ki sake gwada wannan. Mai ruɗewar tsufa yana manta magana, amma ba ya manta wanda ya cuce shi.

Kada ki sa hannu tukuna. Roba tana cika ciki, ba ta sa mutum ya so rayuwa, kuma tsohuwar da aka ɗaure ba ta daɗewa. Ba cikinta ne ya ƙi abinci ba.

Ki gaya mata gaskiya. Ki bari sai la'asar, lokacin da abin ke taso mata. Ke kaɗai, kada a taru a kanta. Ki zauna ƙasa da ita yadda za ta ga fuskarki. Magana gajera, ɗaya bayan ɗaya. Ki ce ke kika ɗauka, ki faɗi inda ya tafi. Abin da ta tambaya shi za ki amsa, kada ki ƙara, kada ki yi gardama. Ki ajiye kunu mai ɗumi kusa, amma kada ki miƙa.

Ban san abin da za ta yi ba, Surayya. Tana iya tsine miki, tana iya juya fuska bango ta tafi. Abin da na sani kawai nawa ne. Ranar da Malam ya rasu ko ruwa ya ƙi wuce mini wuya, sai da maza suka dawo daga maƙabarta da jar ƙasa a ƙafafunsu, ƙaninsa ya tsaya bakin ƙofa ya ce, "An rufe shi." Sannan na iya sha. Ita tana da hakkin ta san inda ajiyarta ta kwana.

In Litinin ta yi ba ta sha komai ba, ku kai ta asibiti, ki zauna ki riƙe hannun da kanki maimakon igiya.

Ina kan sallaya ina jiranki.

Gwaggonki,
Ma'u

Dutsin-Ma,
24 ga Oktoba

Gwaggo Ma'u,

Assalamu alaikum. Ya ƙarfin jiki? Rabi'u ya ce ya hango ki zaune a tsakar gida kina yi wa jikoki faɗa, na ce to lafiya ta samu. Ki yafe mini jinkiri, na so in ga inda abin zai tsaya kafin in rubuto. Saƙon baki da na aiko miki cewa ta sha kunu gaskiya ne, ga yadda aka yi.

Ranar da takardarki ta iso, da la'asar na sa aka shimfiɗa mata tabarma gindin darbejiya, na kori kowa. Na durƙusa gabanta. Na ce, "Inna, ni na ɗauki kayan Yero." Ta kafe ni da ido. Na ce, "An wanke su. Wani bawan Allah ya rasu, ba shi da kowa. An sa shi a ciki, an kai shi."

Na ɗauka ba ta ji ba. Can ta ce, "Dogo ne?"

Na ce, "Dogo ne, Inna."

"Ya ishe shi?"

"Ya ishe shi har ƙafa."

"An naɗa mashi rawanin?"

"An naɗa."

"An yi mashi wanka? An yi salla?"

"An yi. Liman ne ya yi."

Sai ta saki ƙunshin ya faɗi. Ta ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ashe an gano shi. Ashe an rufe mani Yero."

Na yi saurin gyara mata. Na ce, "Inna, sunansa Sabitu." Wallahi na faɗa, Gwaggo, da ƙarfi ma. Ta shafa kaina ta ce, "Ke yarinya ce, ba ki san shi ba." Sannan ta fashe da kuka, irin kukan da ake yi ranar mutuwa, hawaye na bin wuyanta. Tsofaffin ɗakin mata suka ji, suka fito, mai sanda da mai jan gindi, suka kewaye ta suna cewa, "Ya haƙuri, Kubra? Allah ya ji ƙan shi." Tana amsawa, "Haƙuri sai ma'aiki. Na gode." Da aka kira magariba ta waiga ta ga kofin, ta ce, "Wanga kunun na wane ne?" Ta shanye shi tas.

Na je wurin Liman na ce ina tsoron na yi ƙarya. Ya tambaye ni abin da na faɗa, na maimaita masa. Ya ce ban faɗi abin da bai faru ba, in bar ta da Ubangijinta.

Na kwana ina murna an gama. Washegari da la'asar ta ɗauki ƙunshin ta zauna, ta zura hannu, ta ƙwalla ƙarar nan. Ta manta, Gwaggo. Duk ta manta. Na sake durƙusawa na faɗa mata daga farko. Ta sake tambaya ko dogo ne, ko ya ishe shi. Ta sake kuka, tsofaffin suka sake yi mata gaisuwa, ta ci tuwo.

Haka muke yi kullum tun daga ranar. Na gyara lokutan aiki yadda kowace la'asar akwai mutum ɗaya da ba shi da wani aiki sai ita. Na koya wa dukkansu amsoshin, har mai gadi, na ce wanda ya ƙara ko kalma ɗaya daga kansa zai gamu da ni. Likita ya mayar da robarsa. Kumatunta sun fara dawowa, jiya har ta ce miyar ba gishiri. Ba ta ƙara zuwa bakin ƙofa ba, Sakinatu ma ta koma bi ta nan.

Ni ce dai har yanzu ban juya kujerata ba. Kullum in mun gama na koma ofis, sai in tuna Yero yana can inda aka bar shi, ba abin da ya rufe shi. Baba Sabitu kuwa, da ya tafi ba wanda ya zubar masa da ƙwalla, yanzu kowace yamma akwai uwa da ke yi masa kuka.

In kin idar da la'asar, Gwaggo, ki sa su a addu'a su biyun, kowa da sunansa.

'Yarki,
Surayya